Katin Ummi da Kemis ɗin Bakin Layinmu

Na san da yawanku da kun ga sunana a saman shafin nan sai ku gyara zama, kuna cewa yau ma ta zo mana da wani sabon Kamal da wata sabuwar Zarah. To ku yi haƙuri, yau labarin gidanmu na kawo muku, wanda na daɗe ina juya shi a raina na rasa ta inda zan kamo shi. Amma kada ku tashi, domin shi Kamal ɗin ma yana ciki, shi ne ma ya sa na ji kunya a gaban mutane kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bakin layinmu, nan cikin birnin Kano, akwai wani ɗan kemis da na buɗi ido na gan shi. Mai shi kowa Dakta yake ce masa, har da tsofaffin da suka girmi ubansa. Bai taɓa shiga makarantar likita ba, sakandare ya gama kamar ni, daga nan ya yi shekaru yana yaron shago a wurin wani mai sayar da magani, da ya sami ɗan jari ya buɗe nasa. Mutumin kirki ne, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Da an sallame sallar asuba yake buɗewa, ba ya rufewa sai wajen sha ɗaya na dare. Yana ba da bashi, kuma ko tsakar dare ka ƙwanƙwasa masa zai taso ba tare da ya ɓata fuska ba. A bayan kantarsa akwai wani labule mai ruwan ƙasa da ɗan benci, nan yake shigar da mutum ya tsira masa allura. Duk cikinmu 'ya'yan layin babu wanda bai taɓa kuka a kan bencin nan ba.

Yayata Hadiza ita ce amarya a gidan mijinta, layi biyu ne tsakaninmu da su. A shekarar 2019 ta haifi 'yarta ta fari, aka sa mata sunan Ummanmu, muke kiranta Ummi. Da yake a asibiti ta haihu, tun kafin a sallame su aka yi wa jaririya lamba a dantse ta tarin fuka, aka ɗiga mata na shan inna, aka yi mata ta ciwon hanta, aka ba Yaya kati aka ce ta kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa idan ta cika sati shida. Ta kuwa kai ta, ni na ma raka ta. Ranar aka yi mata allurar cinya, wadda guda ɗaya ce amma tana tsare cuta biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da tsinkau-tsinkau, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. Nas ɗin ta ja mana kunne cewa sau uku ake yinta, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, in ba a cika ukun ba kamar an gina ɗaki ne ba a rufa ba.

Daren nan Ummi ta kwana zazzaɓi da kuka. Baban Ummi ransa ya ɓaci, ya ce, "Yarinya lafiyarta ƙalau kin ɗauke ta kin kai an ɗora mata ciwo." Yaya ta yi ta ba shi haƙuri, da ƙyar ya yarda ta koma ta biyu. Ranar da ya yarda kuwa Alhamis ce, da ta je aka ce ai Talata ake yi. Talatar da ta zo ta faɗa ranar girkinta, ku kun san gidan kishiya, ba a barin tukunya a tafi layin asibiti. Talata ta gaba sai da ta gama wanki da shara ta saɓi goyo, ta isa rana ta take, aka ce an tashi. Daga nan sai biki, sai azumi, sai korona ta shigo a 2020 kowa ya tsorata da ƙofar asibiti, sai kuma wani cikin. Kati ya shige ƙasan kwalla ya kwanta. Abin da yake ƙona mini rai har yau shi ne allurar nan kyauta ce, ko sisi ba a karɓa, kuɗin mota ne kawai da rabin yini.

Cikin daminar 2023, Ummi tana da shekara huɗu, ta tashi da zazzaɓi tana cewa maƙogwaronta. Ina za a kai ta? Wajen Dakta mana, ga shi nan a bakin layi. Ya taɓa goshinta ya ce zazzaɓin sauro ne, ya rubuta mata allura ta kwana uku a ɗuwawu. Kwana biyu ana yi abu sai gaba yake. Wuyanta ya kumbura suntum, bakinta yana wani irin wari, ko koko ta kasa haɗiya. Hajiya kakarta ta wajen uba ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Allah Ya taimake mu wanzamin ya yi tafiya. A dare na uku ina kwance sai ga Yaya ta faɗo gidanmu ko mayafi babu, tana cewa, "Umma ki zo, numfashinta yana wani irin ƙara!" Wallahi har yanzu in na rufe ido ina jin ƙaran nan, kamar ana jan tsohuwar ƙofar langalanga.

A asibiti likita ya haska bakinta da tocila, ya kira mu ya nuna mana wani abu toka-toka da ya shimfiɗu a can cikin maƙoshinta kamar yanar kunu. Ya ce mashaƙo ne, kuma shi wannan abin ne yake toshe hanyar numfashi, sannan ƙwayar cutar tana fitar da dafi mai taɓa zuciya da jijiyoyi. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, kuma duk ƙasar nan babu jihar da ta ji jiki kamar Kano. Muna jin ana sanarwa a rediyo, amma ka san mutum, kullum gani yake abin na wasu ne. Nan take aka wuce da mu ɗakin da aka keɓe, aka sa mata ruwa da maganin karya dafin.

Sai likitan ya juyo ya ce, "Ina katinta na rigakafi?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Baban Ummi ya kalli bango. Ni ce na buɗe baki na ce an yi mata ɗaya. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Rubutu kawai ya yi a takarda ya wuce gado na gaba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro ɗan wajen shekara shida da aka kawo daga ƙauye. Uwarsa ba ta da yawan magana, kullum tana zaune tana yi masa fifita da gefen zaninta. A darenmu na uku Allah Ya karɓi abinSa. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai cire ɗankwalinta ta rufa masa fuska, ta tambaye ni ko ƙarfe nawa. Na kasa ba ta amsa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ta haƙuri.

Mu da muka yi jinya duk sai da aka ba mu ƙwayoyi muka sha, aka kuma yi mana allurar rigakafin a dantse. Ni da nake ganin na girma ashe ni ma ban tsira ba.

To yanzu ga inda Kamal ya shigo. Wata nas ta gane ni saboda hotona da ke bayan littafina na biyu, kafin ka ce kwabo labari ya zaga cewa ga marubuciya tana jinya. Rannan na je tagar karɓar magani, layi ya yi tsawo, da na miƙa takarda sai matar da ke ciki, wata doguwa mai farin gilashi, ta leƙo ta ce, "Ke ce kika rubuta littafin nan da Kamal mai kemis yake zuwa har zaure yana yi wa Zarah allura?"

Na washe baki na ce ni ce, ina jiran yabo. Waɗanda suka karanta za su tuna wurin, inda Zarah take rufe ido don tsoro, shi kuma yake ce mata ta kalli fuskarsa ba za ta ji zafi ba. Wasiƙun da na samu a kan wannan babi sun fi na kowane.

Ta ce, "Ƙanwata, na ji daɗin littafin, sau biyu na karanta. Amma kin san abin da Kamal ɗinki ya yi laifi ne a dokar ƙasar nan? Da ni ce hukuma da tun a babi na huɗu na garƙame masa shago."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Na karɓi maganina na tafi sum-sum.

Washegari da ta tashi daga aiki ta biyo ta duba Ummi, ta ba ni haƙuri, muka zauna a baranda. Daga ranar na riƙe ta Anti. A bakinta na fara sanin cewa abin da muke haɗawa mu kira kemis iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar ta direban jirgi ce da ɗan acaɓa. Akwai mai ilmin harhaɗa magunguna, wanda ake kira famasis, irinta. Shi sai ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko Bayero ta nan Kano, ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, sannan a ba shi lasisi. Akwai kuma mai shagon ƙananan magunguna irin Dakta, wanda izininsa bai wuce ya sayar da magungunan yau da kullum a cikin kwalinsu ba, irin su na ciwon kai da gishirin zawo. Ba a yarda ya yi allura ba, ba a yarda ya sa ruwa ba. Dukkansu hukumar PCN ce take kula da su, wadda aka sabunta dokarta a 2022.

Na yi shiru ina tuna labulen nan mai ruwan ƙasa. Can sai abin da ke cina ya fito. Na ce, "To Anti, tunda ku kun yi karatun, kuma da yawanku suna da shaguna a gari suna kaiwa dare, me ya hana a ba ku rigakafin nan ku riƙa yi? Da Yaya za ta iya zuwa bayan magariba in ta sauke tukunya, da ba mu zo nan ba."

Ta yi murmushi ta ce tambayar da na yi ita ce wadda ƙasashe da yawa suka yi shekaru suna gardama a kanta. Abin da ta faɗa mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi zan ɗan gutsura muku.

A Amurka kowace jiha da dokarta. Tun 1996 ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta ƙasar ta fara koyar da 'ya'yanta yin rigakafi, jihohi suka riƙa gyara dokokinsu ɗaya bayan ɗaya, sai a 2009 ne duk jihohi 50 suka yarda. Ko da suka yarda ma ba ɗaya suka zama ba, wata jihar ta ce manya kawai, wata ta ce har da yara amma daga shekara kaza, wata ta ce sai da takardar likita. Da korona ta zo, iyaye suka daina kai yara asibiti kamar dai yadda Yayata ta yi, sai a watan Agusta na 2020 gwamnatin tarayyarsu ta ba masu famasi izini na wucin gadi su yi wa yara 'yan shekara 3 zuwa 18 rigakafi. Amma da sharaɗi: sai mutum ya yi horo na aƙalla awa 20, kuma yana da shaidar ya iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Likitocin yara na can ba su ji daɗi ba, suka ce zuwan yaro asibiti ba don allura kaɗai ba ne, a nan ake auna girmansa a gano abin da uwa ba ta lura da shi ba. Ni dai da na ji wannan hujjar ban iya ture ta ba.

A Ingila a 2015 aka buɗe wa shagunan famasi na duk ƙasar su riƙa yin allurar mura mai tsanani da ke zuwar musu da sanyi, a farkon 2021 kuma suka shiga yin ta korona. Faransa ta fi kowa taka-tsantsan, a 2017 ta gwada a yankuna biyu kawai ta ga yadda abin zai kaya, a 2019 ta buɗe ko'ina, a 2023 ta ƙara musu da cewa za su iya rubutawa su kuma yi wa duk wanda ya kai shekara 11 galibin alluran da ke cikin tsarin ƙasar. A nan gida ma an ɗan taɓa, lokacin korona an yi amfani da wasu shagunan famasi a wasu jihohi wajen yi wa manya allurar.

Da daddare na aika wa ƙawata Maryam saƙon murya ta WhatsApp, ita da aure ya kai ta Ingila. Ta ce ƙwarai kuwa, lokacin da take da ciki ta shiga famasi sayen man shafawa, ta fito da allurar mura a dantse, kyauta, ko minti ashirin ba ta yi ba. Na ce to jaririn fa? Ta ce a'a, shi kam wajen nas ɗin asibitin unguwa take kai shi, sati takwas, sati goma sha biyu, sati goma sha shida.

Jikina ya yi sanyi. Ashe ko a can ɗin ma jarirai irin Ummi a lokacin ba famasi ake kai su ba. Na so ƙwarai a ce akwai wata doka da zan ɗora wa laifin, in ce rashinta ne ya kwantar da 'yarmu. Sai na ga ko da an yi dokar, mai yiwuwa Talatar nan dai ita ce Talata.

Anti ta kuma fahimtar da ni cewa rigakafi ba tsira allura ba ne kawai, wannan ko Dakta ya iya. Babban aikin shi ne sanyi. Yawancin alluran nan dole su zauna tsakanin maki 2 da 8 na ma'aunin zafi tun daga inda aka yi su har su shiga jikin yaro. In suka yi zafi sun mutu, wasu kuma, irin ta cinyar nan, in suka daskare sun mutu, kuma a ido ba lallai ka gane ba. Ta nuna mini wata 'yar alama a jikin kwalba, da'ira da ɗan murabba'i fari a tsakiya, ta ce zafi ne yake sa murabba'in ya riƙa duhu, da ya yi daidai da da'irar sai a zubar. Shi ya sa ake sa firji mai aiki da hasken rana a asibitoci. Ta ce kwalbar ƙyanda da ta tarin fuka ta yara da yawa ce, in an haɗa ta kuma bayan awa shida zubarwa ake yi, dalilin da ya sa ake tara mata rana ɗaya ke nan. Ni da nake zaton mugunta ce kawai ta ma'aikata! Sannan jariri a gefen cinya ake yi masa, domin a ɗuwawu akwai babbar jijiyar da in allura ta same ta ƙafa tana iya shanyewa. Bayan an yi kuma ana so mutum ya ɗan zauna kamar minti goma sha biyar, don jefi-jefi akan sami wanda jikinsa zai ƙi ta nan take, dole mai yin ya kasance da maganin ceto a kusa, ya kuma san yadda ake amfani da shi. Sai rubutawa a kati da rajista, don a san wa aka yi wa, wa ya rage.

To ni yanzu ina nake? Zan faɗi ra'ayina, wanda ya ga ba daidai ba ya rubuto.

Ina so a ba masu ilmin nan dama. Ina so ƙwarai, musamman saboda mu. Jarirai suna da ranarsu da katinsu, amma budurwa fa? Wace ce a cikinku ta taɓa tashi haka kawai ta je asibiti ta ce a yi mata rigakafi? Akwai allurar tsinkau-tsinkau da mashaƙo da ake so mace ta yi har sau biyar don ta tsare kanta da jariran da za ta haifa, amma yawancinmu ba ma jin labarinta sai ranar da muka fara zuwa awo. Akwai ta sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, guda ɗaya tak, kyauta, Kano tana cikin jihohin farko. Autarmu Fati an yi mata, amma ƙawayenta biyu da ba su zo ranar ba har yau ba su bi sahu ba, don babu mai raka su layin asibiti da safe su rasa darasi. Da a ce akwai mace irin Anti a shago mai tsabta, da firjinta da ɗakinta mai ƙofa, wadda yarinya za ta je ita da uwarta bayan la'asar, ai da an rage.

Amma ina jin tsoro, kuma tsoron nawa daga bakinmu yake. Mu kalma ɗaya gare mu, kemis. Ranar da rediyo ya ce gwamnati ta yarda a yi rigakafi a famasi, abin da zai isa kunnen Hajiya shi ne an yarda a yi a kemis, washegari kuwa za ka ga kwali an rataye a kowane lungu. Su masu ilmin ba su da yawa, kuma sun taru ne a manyan tituna na birni. Ƙauyen da aka kawo yaron nan mai rasuwa, na tabbata irin Dakta ne kaɗai suke da shi. Ga kuma maganar kuɗi, abin da yake kyauta a asibiti in ya shiga shago, wa zai hana a ce kawo na sirinji, kawo na firji?

Sannan mu nan yarda tana da wuyar samu. Ummanmu har yau takan ba da labarin 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara kimanin 200 a nan Kano, 11 suka rasu, iyaye suna cewa maganin ne kamfani yana cewa cutar ce, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan ba ma rigakafi ba ne, magani ne, amma tabon rigakafi ya shafa. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano saboda jita-jita, sai a 2004 aka dawo, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da yake akwai wani nau'in da ya rage, shi ya sa masu ɗigo ba su daina bi gida-gida ba. Duk wannan wahalar, kwalba ɗaya da ta kwana a firji marar wuta, aka yi wa yaro ita daga baya ya kamu da cutar, ta isa ta sa unguwa guda ta ce ai da ma ƙarya ce. Saboda haka ni in za a yi, a yi irin na Faransa, a fara da kaɗan, a fara da manya, a sa wa shagon da aka amince da shi alamar da ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane, kuma a bar shi kyauta.

Ummi ta tashi, alhamdu lillahi. Kwananmu goma sha shida. Bayan mun dawo gida da kamar sati biyu muryarta ta koma ta hanci, in ta sha koko sai ya fito mata ta hanci, hankalinmu ya sake tashi. Likita ya ce dafin ne ya taɓa jijiyar ganɗa, zai sake ta a hankali, haka kuwa aka yi. An ƙarasa mata alluranta, domin ashe ko wanda ya yi cutar ma sai an yi masa. Ƙaninta na goye kuwa, Baban Ummi da kansa yake ɗaukar su a babur ranar Talata, ko girkin wa ya faɗa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Katin yanzu yana cikin aljihun rigarsa tare da lasisin babur.

Babin Kamal kuma na gyara shi a bugu na biyu. Yanzu ɗaukar Zarah yake a mota ya kai ta asibiti, yana riƙe mata jaka a bakin ƙofa. Wata mai karatu daga Gusau ta rubuto ta ce na lalata wurin da ya fi daɗi.

Kwanakin baya kaina ya matsa mini da ciwo, na leƙa wajen Dakta. Shi ma ciwon Ummi ya taɓa shi, har asibiti ya zo dubiya da lemo da madara, ya tsaya daga bakin taga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Marubuciya, ko in yi miki guda ɗaya ki huta?" Na ce a'a Dakta, ba ni ƙwaya kawai. Yana ƙirgo mini na ba shi labarin ƙasashen nan da dokokinsu. Ya saurara sosai, har ya ajiye almakashin. Ya ce, "Wallahi ni da za a ba ni dama, kyauta zan yi wa yaran layin nan kaf, ko sisi ba zan karɓa ba." Na kuwa san har zuciyarsa yake faɗa.

Na ce, "A ina za ka ajiye?"

Ya nuna mini firjinsa da ke lungu, ya buɗe don in gani. Lemo ne da ruwan leda a ciki, sun yi ɗumi, don tun safe aka ɗauke wuta. Ya ce ai zuwa dare za a kawo.

Na biya kuɗina na juya. Ina bakin ƙofa wata maƙwabciyarmu ta shigo da ɗanta a kafaɗa jikinsa zau, ta ce Dakta a taimaka. Ya ɗaga labule ya ce ta shigo da shi.